IRSH: rumbun tarihin ƙasa na jiran kason sa a kasafin kuɗi

Idan ka tambayi mutum goma a kasuwar Maraɗi ko a tashar motar Damagaram mene ne IRSH, da wuya ka samu guda da zai ba ka amsa. Amma kuwa wannan cibiya ta binciken ilimin zaman ɗan Adam da ke birnin Yamai ta girmi jamhuriyar Nijar kanta. Tun shekarar 1944 Turawan mulkin mallaka suka buɗe ta a matsayin reshen IFAN ta Dakar, bayan samun ƴancin kai ta koma hannun ƙasa, a shekarar 1974 kuma aka haɗe ta da jami'ar Yamai, wadda ake kira jami'ar Abdu Mumuni a yau.

Aikinta ba na fanni guda ba ne. A ƙarƙashin rufi ɗaya akwai masu haƙar kufai don gano kayan mutanen da, akwai masana tarihi, masana labarin ƙasa, masu nazarin zamantakewa, masu nazarin harsunan ƙasa, da kuma masu kula da rubuce-rubucen larabci da ajami. Haɗuwar nan tana da amfani, domin tambaya guda kan buƙaci amsar mutum huɗu. Rikicin manoma da makiyaya a kan burtali, alal misali, ba alƙali kaɗai zai warware shi ba. Sai an san wane ne ya fara zama a wurin, yaya ruwan sama ya sauya cikin shekaru hamsin, kuma mene ne al'adar gado ta mutanen yankin.

Mu ƴan kudancin ƙasa muna da bashin godiya na musamman. A jerin littattafan wannan gida mai suna Etudes Nigériennes ne André Salifou ya fitar da tarihin daular Damagaram a shekarar 1971, Djibo Hamani kuma ya fitar da na Adar a 1975. Abin da malaman tarihi ke karantar da yaranmu game da Sarki Tanimun ya fito ne daga irin wannan aiki na bin tsofaffi gida gida ana rubuta abin da suka riƙe a ka, ana gwama shi da takardu.

Sai maganar takardun ajami da larabci. Marigayi Bubu Hama ne ya fara tara su lokacin yana shugaban Majalisar Dokoki, kuma adadinsu ya kai kimanin 4,000. Akwai fiƙihu, akwai waƙoƙi, akwai wasiƙu da magunguna da lissafin taurari, da hannun malamanmu. Waɗannan takardu su ne amsar da za mu ba duk wanda ya ce ba mu san rubutu ba sai da Bature ya zo. To amma takarda ba ta jure gara, ba ta jure danshi da zafin Yamai, balle wuta. Mun ga abin da ya faru a Tumbutu a watan Janairun 2013, lokacin da ƴan bindiga suka cinna wa takardun cibiyar Ahmad Baba wuta kafin su bar garin. Abin da ya ƙone ya tafi ke nan.

Labarin Bura ya fi kowane nuna mana inda gizo ke saƙa. A shekarar 1975 aka gano wannan tsohuwar maƙabarta a yankin Tera. A 1983 Bube Gado na IRSH ya jagoranci haƙar wurin, aka tono tulunan binne matattu fiye da 600, da mutum-mutumin mahaya dawaki na yumɓu waɗanda suka haura shekara dubu. Da aka baje kolin wasu daga cikinsu a birnin Paris a 1993, duniya ta yi mamaki, dillalan kayan tarihi kuma suka buɗe ido. Nan take aka shiga tonon kufai babu ƙaƙƙautawa, talakka ya sayar da abin da ya tono a kan kuɗin buhun hatsi, kayan su ƙare a ɗakunan gwanjo na Turai. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta zo a makare, kuma a shekarar 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sanya kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Ba mu ga laifin manomin da yunwa ta kora ba. Laifin na ƙasar da ta samu masana suka gano dukiya, ta kasa ba su motar sintiri da mai gadi.

Shekaru da dama binciken kimiyya a Nijar ya dogara da aljihun abokan hulɗa na waje, musamman Faransa. Wanda ya biya kuɗin mai shi ke zaɓen inda mota za ta, shi ke zaɓen tambayar da za a yi, sau da yawa kuma a ƙasarsa ake buga sakamakon. Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 hulɗa da Faransa ta yi tsami, magabata kuma ba su da kalmar da ta fi ƴancin kai a baki. Mun yarda da kalmar. Sai dai tana da farashi. Ƙasashen Afirka sun yi alƙawari a Legas tun 1980, suka sake jaddada shi a Khartum a 2006, cewa za su ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa ga bincike. Kaɗan ne ƙwarai suka kusanci wannan adadi, Nijar kuwa ba ta cikinsu. Idan an rufe ƙofar waje ba a buɗe ta baitulmali ba, husa'armu za su zauna ofis suna jiran albashi, matasa daga cikinsu kuma su nemi jami'o'in wasu ƙasashe.

Su ma masanan da sauran aiki a gabansu. Kusan duk abin da suka rubuta da faransanci yake, alhali mutanen da aka yi binciken a kansu ba sa karanta shi. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, saboda haka babu sauran uzuri. Tarihin Damagaram da na Adar sun cancanci a fassara su, a karanta su a gidajen rediyon gari da daddare, lokacin da iyali ke zaune. Mun tabbata tsofaffi za su bugo waya su gyara wani wuri, su ƙara wani, kuma wannan ma riba ce ga mai bincike.

Muna kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta kuɗi da su ware wa IRSH kaso na musamman a kasafin baɗi, wanda kowa zai iya gani a rubuce. A fara da ɗaukar hoton takardun ajami ɗaya bayan ɗaya a saka a kwamfuta, a ajiye kwafi a jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, yadda ɗalibin da ba shi da kuɗin motar Yamai zai iya buɗe su a garinsu.