Idan Baba Ya Karye A Tsakiyar Damina

Yau za mu ajiye littafi da biro mu leƙa gida, domin da yawa daga cikinmu 'ya'yan ƙananan manoma ne. Ko wanda aka haifa a birni, idan aka bi salsala, za a tarar yana da kaka ko kawu da ke riƙe da fartanya a ƙauye. Abin da za mu tattauna shi ne halin da gida irin namu ke shiga idan wanda ke ɗauke da nauyin gona ya ji rauni, da kuma rawar da mu ɗalibai za mu taka.

A gidan ƙaramin manomi kowa da aikinsa. Baba da Yaya suna gandu tun da asuba. Inna na fama da surfe da girki, ga kaji ga awaki a turke. Ƙannenmu su ɗebo ruwa, su yiwo ciyawa. Mu kuma mu tafi makaranta da safe, da yamma mu bi sahu zuwa gona. Ƙungiyar ƙwallo tana da 'yan benci, idan ɗan wasa ya ji ciwo sai a sako wani. Gidanmu ba shi da ɗan benci. Ranar da mutum ɗaya ya kwanta, aikinsa na nan yana jiran wanda zai ɗauka.

Tsautsayin gona kuwa ba ya sallama. Fartanya ta kuɓuce ta sari ƙafa, san noma ya tunkuyi mai riƙe da shi, amalanke ya kife, tsani ya zame da wanda ya hau rumbu, ko babur ya kayar da mutum a hanyar kasuwa. Abin ya fi muni idan ya faɗo a watan Yuni ko Yuli, lokacin noman firi da maimai. Ciyawa ba ta san an yi karaya ba. Idan ta rufe gero da dawa a makonnin farko bayan shuka, ta cinye takin da ruwan, ko an nome daga baya amfanin ba zai kai yadda ake so ba. A daidai wannan lokaci ne kuma muke shirin jarrabawar zango na uku.

Awannin farko

Sau da yawa ɗan sakandare shi ne wanda ya fi kowa karatun boko a gidan, don haka akwai abubuwan da ya kamata mu riƙe. Idan yanka ne, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, sannan a nufi asibiti. Kada a zuba ƙasa, toka ko kashin shanu. Ƙwayar cutar tetanus, wadda ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan jin raunin, lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin. Allurar rigakafinta na samuwa a asibitoci, sai a tambaya.

Idan ana zargin karaya ce, kada a ja ƙafar ko hannun, kada a matsa wa mutum ya taka don a gwada. A tallafe gaɓar yadda ba za ta motsa ba, a kai shi inda za a ɗauki hoton ƙashi. Ido ba ya iya bambance targaɗe da tsagewar ƙashi ko gocewarsa, hoto ne ke nunawa. Mun san masu ɗorin gargajiya suna da daraja a garuruwanmu, kuma su ne kusa da jama'a. Amma akwai karayar da ba ta jira: wadda ƙashi ya huda fata, da ta baya, da ta wuya, da ta ƙugu. Waɗannan na asibiti ne kai tsaye. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa tun 1959, kuma manyan asibitocin jihohi ma suna duba karaya.

Ko wane ne ya yi ɗaurin, aikinmu ne mu riƙa duba yatsun majinyaci safe da yamma. Idan suka kumbura sosai, suka yi sanyi, suka sauya launi, ya daina jin taɓi, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, to ɗaurin ya matse jini. A koma asibiti a ranar, ko da dare ne. Gaɓar da jini bai isa gare ta ba ruɓewa take yi, kuma ta wannan hanya mutane da dama suka rasa hannu ko ƙafa.

Ƙashi ma yana da kalandarsa

Malamin kimiyya ya koya mana cewa babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne ƙashi abu ne mai rai, yana gyara kansa. Da farko jini ne ke taruwa ya daskare a inda ya karye. Cikin mako biyu zuwa uku sai wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya haɗe bakin biyu. Daga nan ya riƙa tauri a hankali. Yawancin karaya kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ta haɗe. Ta yara ta fi saurin warkewa, ta ƙashin ƙwauri kuwa a jikin babba takan kai wata uku zuwa shida.

Haɗarin yana tsakiyar wannan lokaci. Zafi kan ragu tun ƙashi bai gama tauri ba, sai majinyaci ya ji kamar ya warke. Manomin da ke kwance yana jin ƙarar fartanyar maƙwabta, zuciyarsa na gona. Wata safiya sai a ji ya ce, "Miƙo min sandata in je in ga dawar nan." A nan ne ɗa nagari zai durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, likita ya ce saura mako uku. Ni da Yaya za mu je, mu dawo mu faɗa maka yadda take." Sauri ya haifi nawa. Wanda ya taka ƙafa kafin lokaci yana iya sake karya ta, ko ta haɗe a karkace, jinyar wata biyu ta koma ta shekara.

Abinci ma magani ne, kuma yawancinsa yana cikin gidanmu. Nono da kindirmo, riɗi, zogale, miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna ba da sinadarin da ke gina ƙashi. Wake, ƙwai, gyaɗa da awara suna gina tsoka. Gwaba da lemo suna taimaka wa rauni ya rufe. A riƙa fito da shi ya sha hantsi. Taba sigari kuwa tana jinkirta haɗewar ƙashi, wannan likitoci sun tabbatar da shi.

Wa zai ɗauki fartanyar?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu sun san da haka, shi ya sa suka bar mana gayya: a sanar da dangi da maƙwabta, a dafa abinci, a dama kunu, samari su taru su nome gonar a yini guda. Wanda ya je gayyar wasu a bara, bana za a zo tasa. Idan gayya ba ta samu ba, wasu gidajen kan sayar da akuya su biya 'yan ƙwadago. Wasu kan zaɓi gonar da ta fi kusa kuma ta fi albarka su mayar da hankali a kanta, domin gona ɗaya da aka nome da kyau ta fi uku da ciyawa ta cinye.

Mu ɗalibai akwai tarkon da ke jiranmu a nan. Za a ce, "Ka ɗan dakata da makaranta har Baba ya miƙe." Mako ɗaya ya zama wata, jarrabawa ta wuce, daga nan kunyar komawa ta shigo. Mafita ita ce a zauna a tsara. Ba dabbobi abinci da sassafe kafin a tafi. Gona bayan la'asar da ranakun da babu makaranta. Karatu bayan isha'i, ko na awa ɗaya ne. A je a shaida wa malamin aji halin da ake ciki, don ya san dalilin makara, ya kuma taimaka da darasin da ya wuce. Dogon hutu na Agusta yana tafe, a nan za a biya gona bashinta.

Hannun da ba ya zaman banza

Akwai ciwon da hoton ƙashi ba ya nunawa. Mutumin da ya saba fita tun duku-duku, yau ga shi kwance a tabarma sai an kawo masa buta. Zai fara jin ya zama kaya. Faɗa ya yi yawa, abinci ya daina shiga, barci ya ƙaurace. Ba mugun hali ba ne, zaman banza ne ke cin sa. Maganin da muke ba da shawara a kai yana da araha: dunƙulen zaren ulu da kwarashi.

Saƙa ta dace da mai jinyar ƙafa ƙwarai. A zaune ake yin ta, ba ta buƙatar ƙarfi ko lantarki, ana iya ajiyewa a ɗauka duk lokacin da aka so. Ƙirga zare na ɗauke hankali daga zogi da tunani. Babban abin kuma shi ne kowace yamma akwai abin da za a ɗaga a nuna: jiya faɗin tafin hannu, yau rabin hula. Likitoci sun daɗe da gane haka. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, asibitoci a Ingila da Amurka sun riƙa koya wa sojojin da suka ji rauni saƙa da ɗinkin ado da saƙar kwando, kuma irin wannan aiki yana cikin tushen fannin jinya ta hanyar sana'ar hannu da ake karantawa a jami'o'i yau.

Mun san wani a bayan aji zai ce saƙa aikin mata ne. Ya tambayi kakansa su wa ke saƙa farin saƙi a masaƙar gargajiya. Maza ne. Ya duba zaurukan Kano da Zariya da Maiduguri, zai ga magidanta riƙe da allura suna ɗinkin hula. Idan Baba ya ce shi da ulu sai kallo, ga kaba nan: tufkar igiya da saƙar tabarma sana'o'in dattawa ne tun fil azal, kuma gona na buƙatar igiya a kaka. Idan Inna ce ke kwance, ga faifai da kayan sanyin jarirai.

Sai dai a kula. Idan raunin a hannu ko kafaɗa yake, kada a fara saƙa sai likita ko ma'aikacin gashin ƙashi ya ba da izini. Ko mai ciwon ƙafa, kada saƙar ta sa ya manta da motsa jikin da aka umarce shi, domin gaɓar da ta daɗe ba ta motsa ba sandarewa take yi, tsoka kuma ta zube. A yi ta inda akwai haske, a riƙa hutawa ana miƙe wuya da yatsu.

Koyo ba wuya. Kusan kowace unguwa akwai wata Gwaggo ko Anti da ta iya. A fara da zare mai kauri mai haske, don a riƙa ganin kowane zarge. A koyi yin sarƙa, sai layi, sai ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, kafin a kai ga hula da safa. Idan aka yi kuskure a warware a sake, zaren bai lalace ba. Mu da ke zuwa makaranta za mu iya koyowa a darasin tattalin gida ko wurin ƙawa, mu zo mu koya wa majinyaci. Zaman da za a yi tare ana ƙirga zare, ana hira, ana dariyar hular farko da ta fito a karkace, shi kansa jinya ne.

Ga kuma ɗan lissafi. Mu ƙaddara mako biyun farko sun tafi a koyo, daga nan hular yaro ɗaya na cin kwana biyu. A jinyar mako takwas saura kwana 42, wato hula 21. Wanda ya karye a Yuli zai gama su tun kafin hunturu ya shigo a Disamba, lokacin da kowace uwa ke neman hula da safa da rigar sanyi. Kuɗin ba zai cika rumbu ba, amma zai sayi sabulu da littafin rubutu. Ya fi haka ma, mutumin da ke ganin ya zama kaya zai ga kan ɗansa sanye da aikin hannunsa.

Aikin gida na wannan mako guda biyu ne. Ku tambayi iyayenku asibiti mafi kusa da ke ɗaukar hoton ƙashi, da wanda za a kira ya kawo abin hawa idan tsautsayi ya faɗo da dare, ku rubuta a bayan littafinku. Sannan ku nemi wanda ya iya saƙa a unguwarku, ku roƙe shi ya nuna muku yadda ake riƙe kwarashi. Wanda ya kammala hularsa ta farko ya rubuto mana ya ba mu labari. Masu jinya a gidajenmu kuma, Allah ya ba su lafiya. Sai mako mai zuwa.