Ɓawon Katantanwa a Madadin Yashi: Ina Ruwan Zuru?

Magina a yankin Neja-Dalta sun daɗe suna zuba ɓawon katantanwar ruwa cikin kankare. Yanzu masana suna wanke shi, su niƙa, ya maye gurbin wani kaso na yashi a kwaɓin siminti. Idan ya yi yawa, ƙwarin gini ya ragu.

Mu a Zuru teku ta yi mana nisa, kuɗin dako kaɗai ya kashe maganar. Sai dai tifofi suna kwashe yashin rafukanmu, gaɓa tana zaftarewa da gonakin talakawa. A ganina, ya kamata Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a nan a 2020 ta gwada tamu sharar: garin dutse da ɓaraguzan tsofaffin bulo. Ni dai malamin harshe ne, awon injiniyoyi nake jira.