RA'AYINMU: Lokaci Ya Yi Da Za A Koya Wa Mabiya Magana A Gaban Jama'a

A yawancin ikkilisiyoyinmu na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, mutum ɗaya ne bakin kowa. Fasto ne zai yi wa'azi, shi zai gyara sanarwa, in an kira taro a ƙofar dagaci ko a sakatariyar ƙaramar hukuma kuma shi za a tura. Ranar da aka canja masa wurin aiki, ko ya kwanta rashin lafiya, sai a rasa mai tashi. Ga dattawa masu hankali, ga matasa da suka gama sakandare, amma da zarar an ce wani ya miƙe ya yi bayani sai kowa ya sunkuyar da kai.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga jama'ar da ba ta da yawa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, hukuma ta matso kusa da mu, abin da dā sai an je Kano yanzu ana gama shi a Dutse ko a nan gida. Maganar rijiyar burtsatse, rabon taki, filin maƙabarta, ko rubuta sunayen waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, kamar yadda aka yi fama a jihar nan a 2022 da 2024, duk a zaman taro ake yanke su, inda ba a ba mutum fiye da 'yan mintoci. Wanda ya tashi ya yi ta kame-kame, lokacinsa zai ƙare bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Wanda kuma ya tashi da zafin rai, ya jawo wa ƙauyensa abin da za a daɗe ana gyarawa, don magana zarar bunu ce.

Saboda haka muke kira da a shirya gajerun kwasa-kwasai na koyon magana a gaban jama'a. Ba sabon abu ba ne a wurin masu bi. A ƙasar Amurka, Dale Carnegie ya fara ajinsa a 1912 a ɗakin ƙungiyar samari Kirista ta YMCA a birnin New York, Ralph Smedley kuma ya kafa ƙungiyar Toastmasters a 1924 a ginin wannan ƙungiya a Kalifoniya. Dabararsu ɗaya ce, ba ta kuma bukatar kuɗi: kowa ya tashi ya yi magana ta ɗan lokaci, 'yan'uwansa su gaya masa inda ya yi daidai da inda zai gyara, mako mai zuwa ya sāke tashi.

To, amma kada a kwaso mana shi da Turanci a kai mu otal a birni. Da Hausa muke sujada, da ita muke magana da hakimi, da ita ya kamata a koya. A yi shi da rani bayan an gama girbi, a ɗakin sujada ko a gindin bishiya, a kauce wa ranar kasuwa, kada kuma aji ya wuce mutum goma sha biyar, domin in an yi yawa wasu za su koma gida ba su buɗe baki ba. Zama huɗu ko biyar ya isa a fara.

A ganinmu da karatu za a soma. Rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Garin da ake zama a ciki da garin tuwo rubutunsu ɗaya, haka kukan yaro da kukar miya. Mai karanta nassi da bai duba wurin ba tun daren Asabar dole ya yi tuntuɓe a gaban jama'a, masu sauraro kuwa su tafi da abin da ba shi aka rubuta ba. Daga nan sai sanarwa, wadda a wasu wurare ta kan fi wa'azin tsawo, alhali rana da lokaci da wuri kawai ake nema. Sa'an nan babban darasi: yadda za a gai da manya bisa matsayinsu, a ce "ranka ya daɗe" inda ya dace, a kawo bukata ɗaya tak da dalilinta cikin minti uku, a yi godiya a zauna.

Mun san akwai masu cewa baiwa ce, ba a koyonta. A Fitowa sura 4 Musa ya kawo kukan nauyin baki, aka haɗa shi da Haruna, bai kuwa hana shi tsayawa gaban Fir'auna ba. A Ayyukan Manzanni sura 18, Afolos gwanin magana ne, duk da haka Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara masa haske. Wannan na biyun ya isa amsa ga masu ganin a bar mata a baya. Zumuntar mata ce ta fi kowa sanin halin ruwan sha da na asibiti, ita ya kamata ta iya faɗinsa da bakinta.

Abu ɗaya muke gargaɗi a kai. Ba makarantar gardama ce da maƙwabtanmu Musulmi ba, duk wanda ya zo da wannan niyya a sallame shi. Hasali ma, a cikin tsofaffin malaman makaranta na Birnin Kudu da Gwaram, Kirista da Musulmi, akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna shirya ɗalibai don muhawara, ba laifi a roƙe su su taimaka.

Muna roƙon shugabannin gundumomi su tsai da ranaku kafin a gama sussuka. Kowace ikkilisiya ta aiko da mutum uku, dattijo ɗaya, mace ɗaya, matashi ɗaya, kowa ya zo da abincinsa. Ba kuɗin zama, ba takardar shaida. Wanda ya gama, a ba shi sanarwar Lahadi mai zuwa.