Ɗorin Naɗin Filasta: Aikin Hannu Ko Aikin Inji?

Ba safai mai sayen filasta a kantin magani yakan tsaya ya dubi abin da aka miƙo masa ba. Ya yage takarda, ya ɓare, ya manna a yatsa, ya kama gabansa. Amma da zai natsu ya duba, sai ya tarar ɗan abin nan falle-falle ne. Akwai bayansa, wanda ƙyalle ne ko roba mai laushi da aka shafa wa danƙo. Akwai 'yar audugar tsakiya mai shanye jini, wadda galibi akan lulluɓe da siririyar raga don kada ta kama ciwo. Sannan ga takarda mai santsi da ke rufe danƙon har ranar amfani. Kowane ɗaya daga cikinsu a naɗe yake zuwa masana'anta, tamkar bandir ɗin yadi, kuma komai tsawon naɗi yana da ƙarshe. Yadda ake ɗora bakin sabon naɗi a wutsiyar tsoho, shi ne abin da ya cancanci a yi muhawara a kansa.

Da farko ma dai da hannu ake yin filastar baki ɗayanta. A shekarar 1920 ne Earle Dickson, mai sayo wa kamfanin Johnson & Johnson auduga a Amurka, ya jera ƙyallen ɗaure ciwo a kan tef mai danƙo saboda matarsa, wadda takan yanke ko ta ƙone a wajen girki. A 1921 aka shigar da ita kasuwa da sunan Band-Aid, doguwa, sai mai saye ya sa almakashi ya yanki daidai bukatarsa, kuma ba ta samu karɓuwa sosai ba. A Jamus kamfanin Beiersdorf ya fito da Hansaplast a 1922. Sai a 1924 Johnson & Johnson ya soma fitar da yankakkiyar filasta da inji. Tun daga lokacin inji ya yi ta karɓe aikin, amma ɗori ya daɗe a hannun mutum.

To, yaya hannu yake yin sa? Idan naɗi ya kusa ƙarewa sai a tsai da inji, ma'aikaci ya yanke wutsiyar, ya jawo bakin sabo, ya daidaita su da ido, ya manne da tef, sannan a sake tayarwa. Masu lissafin kuɗi mintocin da suka salwanta kawai suke gani, alhali kuwa su ne mafi ƙanƙantar ɓarna. Duk sa'ad da inji ya tsaya ya tashi, ɗamewar ƙyallen takan canja, musamman irin mai talewa, sai auduga ta goce daga tsakiya, a fitar da filasta masu yawa a karkace. Bugu da ƙari, yatsun ma'aikaci suna kusa da wuƙa da bakin ƙarafa masu juyawa. Har ila yau, hannu ya kusanci abin da za a ɗora a kan ciwon wani. Gaskiya ne akan kashe ƙwayoyin cuta bayan an rufe filasta a takardarta, amma wannan ba ya cire gashi ko ƙura da danƙo ya riga ya kama.

Hanya biyu inji yake bi. Ta farko ita ce wadda manyan injunan buga jarida suka daɗe da ita, watau a juya sabon naɗi har gudunsa ya yi daidai da na tsoho, a manna su ana cikin tafiya. Ta biyu kuwa, wadda ta fi dacewa da kaya masu laushi, ita ce a tanadi rarar tef a wani ma'aji, inda yake hawa da sauka a tsakanin ƙarafa jere biyu. Idan lokacin ɗori ya yi sai wutsiyar ta tsaya cik, inji ya ci gaba da cin rarar, a yanke a haɗa, sannan ma'ajin ya sake cika. Alal misali, a ce inji yana jan mita 60 a minti ɗaya kuma ɗori yana cin daƙiƙa 5, to, rarar da ake bukata ba za ta gaza mita 5 ba.

Wahalar tana ga tef mai falle da yawa. Takardar jarida falle ɗaya ce, a aza baki a kan baki, shi ke nan. A nan kuwa idan aka aza haka kauri ya ninka, wuƙar da ke yanka siffar filasta ta sha wuya, kuma takardar santsi ta sabon naɗi ta hau bayan tsoho, wanda ba abokin haɗinta ba ne. Dole ne a gwama baki da baki ba tare da hawa ba, a sa tef sama, a sa ƙasa. In aka manne fuska ɗaya kurum, da zarar an zo inda inji yake ɓare takardar sai ɗaya fallen ya tsinke, aiki ya koma baya. Ga kuma danƙo da ke taruwa a bakin wuƙa. Irin wannan aiki na maimaita abu ɗaya daidai wa daida, dare da rana, inji ya fi gajiyayyen ido iyawa, kuma babu abin kunya a faɗi haka.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjarsu. Sukan ce injin ɗori yana da tsada, ƙaramar masana'anta ba ta iya saye, kuma inda mutum ɗaya zai lura da inji uku, biyu sun rasa abinci ke nan. Ba a raina wannan magana. Sai dai inji bai san naɗin da zafi ya narkar da danƙonsa ba, bai san wanda ya lotsa a hanya ba. Wanda ya shekara goma yana ɗori da hannu shi ya sani. Masana'antar da ta sallame shi maimakon ta koya masa saita injin da duba kaya, ta sayi ƙarfe ta zubar da sani.

Amma babban sharaɗi na gaba. Komai kyan ɗori, filastar da ta faɗo daidai mahaɗar ba ta da amfani, domin kuwa tef ɗin ɗorin yana jikinta. Don haka akan yi ɗori da tef mai launi ko mai ƙarfe-ƙarfe, wata na'ura ta hango shi, inji ya ƙirga har wurin ya iso ƙarshe, ya ture filastocin da abin ya shafa gefe. A zamanin hannu wanda ya yi ɗorin ya san ya yi, yakan bi sawunsa. Yanzu kuwa ɗori yakan wuce ba wanda ya ɗaga kai, saboda haka idan na'urar nan ta lalace, ko wani ya rage yawan abin da take zubarwa don asara ta ragu a takarda, gurɓatattun kaya sun shiga kwali ke nan. Ƙa'idar ISO 13485 ta masu ƙera kayan asibiti ta wajabta ajiye bayanan aiki yadda za a iya bin sawun kowane rukunin kaya. Ya kamata hukumomi irin su NAFDAC, wadda aka kafa a Nijeriya a 1993, su riƙa neman a nuna musu a rubuce ɗori nawa aka yi a kowane rukuni da filasta nawa aka zubar dominsa. Mai saye a kantin unguwa guda ɗaya ko biyu ake cire masa daga kwali, sau da yawa bai ga lambar rukuni ba balle ya san inda zai kai kuka idan ya ɓare ya tarar auduga a gefe.