Jan Wuta Daga Kwamfuta: A Bar Yara Su Koya, Amma Da Sharaɗi

Kwanan baya wani malamin kimiyya ya zo mana da ƙara. Ɗalibansa sun ƙera 'yar fanka da fitilu, suna so su huda bayan kwamfutar makaranta su kafa soket, don su riƙa jan wuta daga cikinta. Hedimasta ya hana. Malam ya nemi ra'ayinmu, mu kuwa muka ga ya kamata mu faɗe shi a nan kowa ya ji.

Mu dai ba mu ga laifin yaran nan ba. A cikin kwamfutar tebur akwai wani akwatin ƙarfe wanda ke karɓar wutar gari mai ƙarfin volt 230, ya sauko da ita zuwa 12 da 5 da 3.3. Bisa tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995, kowace waya da launinta: rawaya ta 12 ce, ja ta 5, mai ruwan lemo ta 3.3, baƙa kuwa ita ce hanyar komawar wuta. Kafar USB 2.0 da ke waje iyakarta volt 5 da rabin amfiya, wannan kuwa ba ya juya inji mai ɗan nauyi. Yaron da ya gano haka da kansa ya cancanci yabo.

Amma fa hedimasta ma yana da gaskiya. Akwatin nan yana iya fid da amfiya goma ko fiye. In wayoyi biyu suka haɗu bisa kuskure, siririyar waya na iya ƙonewa. In aka sa rawaya a gurbin ja, na'urar yaro ta tashi aiki nan take. Inji kuma kan fizgi wuta har kwamfuta ta mutu ana tsakiyar aiki, sakamakon jarrabawar makaranta duka yana ciki. Dukiyar jama'a ce, ba a gwaji da ita.

Saboda haka ga shawararmu. Na farko, a ƙyale kwamfutar da ake aiki da ita. A ciro akwatin wuta daga tsohuwa, a yi gwajin da shi a gefe. Yana tashi in an haɗa koriyar waya da baƙa. Na biyu, kowace wayar da aka fitar a sa mata fiyus daidai ƙarfin na'urar. Na uku, a auna wuta da mita kafin a jona kome, a kuma rubuta ƙarfin kowane soket a jikinsa. Na huɗu, wanda ya fi duka, kada kowa ya buɗe akwatin nan. Akwai ma'ajiyar wuta a cikinsa mai riƙe fiye da volt 300 ko bayan an zare shi daga bango, tana iya kisa. Malami ya tsaya a kan yara daga farkon aiki har ƙarshe.

Ku kuma malaman ofis, tsofaffin kwamfutocin da ke jibge a sito suna shan ƙura, ku nemi iznin manya a bi ƙa'ida a miƙa su ga makarantu. In mun hana yara a aji, za su gwada a gida inda babu mai dubawa, can kuwa haɗarin ya fi yawa. Allah ya kiyaye mana su, ya sa abin da suka koya ya amfani ƙasa, amin.