Wasiƙa ga Matuƙa Jiragen Feshin Gona

Zuwa ga matuƙa jiragen feshi,



Jirgin feshi yana aiki ne 'yan mitoci kaɗan sama da amfanin gona, yana gudun da ya haura kilomita 150 a awa. A irin wannan tsayi babu damar gyara kuskure. An fara sana'ar a jihar Ohayo ta Amurka a 1921, a Najeriya kuwa an fi saninta da yaƙin tsuntsayen jan-baki a Kebbi, Sakkwato, Jigawa da Yobe.

Haɗari na farko shi ne karo. Wayar lantarki ba ta ganuwa daga sama sai an zo dab da ita, saboda haka falwaya ake nema da ido, a lura da inda ta dosa. A ƙasa irin ta Gayam da sauran yankin Birnin Gwari, manomi ba ya sare ɗorawa da kaɗanya idan zai share gona. Suna nan tsaye a tsakiyar masara, wata da busasshen reshe wanda ya zarce ganyenta. Wajibi ne matuƙi ya sa a zaga gonar da ƙafa, sannan ya kewaya ta daga sama kafin ya sauko.

Na biyu shi ne juyi a bakin gona. Jirgin da ya ɗauko magani cike da tanki, idan aka karkata shi da ƙarfi gudunsa kuma ya ragu, fiffike yakan daina ɗaukarsa, sai ya rikito. Zafin rana yana ƙara wannan haɗari, domin iska mai zafi ba ta ɗaukar nauyi kamar ta asuba. Matuƙi ya rage lodi da rana, ya yi juyinsa da faɗi.

Na uku shi ne maganin kansa. Fenthion da ake fesa wa jan-baki yana ratsa fata, ya tsuke ƙwayar ido, ya kawo jiri, ga shi kuma da almuru ake feshin, lokacin da tsuntsayen suka koma makwanci. Wanda ya ji gani ya dushe ko yawu ya yawaita, ya sauka nan take.

Idan hazon hunturu ya rufe, ko gajiya ta kama jiki, a ɗage aikin. A sanar da mai unguwa tun da wuri, domin a janye yara da dabbobi, a kuma rufe rijiyoyi kafin jirgi ya iso.

Allah Ya tsare. Wassalam.