Shinkafar Indiya a Zongon Kwatano

Duk wanda ya ga 'yan dako suna sauke buhunan shinkafar Indiya a Zongon Kwatano, da wuya ya yarda cewa a 1966 alkamar Amurka ce ta raba Indiyawa da yunwa. A ganina, wannan sauyi daga karɓar abinci zuwa fitar da shi bai gaza 'yancin kan Indiya na 1947 muhimmanci ba. Irin shinkafa na IR8, rijiyoyin burtsatse, taki mai rahusa da farashin da gwamnati ta lamunce wa manomi, su suka yi aikin, ko da yake ruwan ƙarƙashin ƙasar Punjab ya ɗanɗana kuɗarsa. Da Delhi ta hana fitar da farar shinkafa, ban da basmati, a Yulin 2023, har mai tuwo-tuwo a Zongo sai da ta ji a jikinta, alhali ga fadamar shinkafa ta Malanville a bakin Kwara.